Yadda ake auna 'yan katanga wajen kare mai jifa a ƙwallon ƙafar Amurka

Duk wanda ya fara bin gasar NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, in yana son sanin ƙarfin 'yan katangar wata ƙungiya, wato mutum biyar ɗin da ke tsayawa a layi suna kare mai jifa, abin da yake yi shi ne ya zaro waya ya duba sau nawa aka kayar da kwatabak ɗinsu, wato mai jifar, da ƙwallo a hannu. In adadin ya yi yawa ya ce katangar ruɓaɓɓiya ce, in kaɗan ne ya ce ai ta dutse ce. Na sha ganin mutane suna musu har jijiyar wuya a kan wannan adadi, kuma shi ne abu na farko da nake so ka ajiye gefe.

Dubi wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na ranar 7 ga Fabrairu 2021, wanda Tampa Bay Buccaneers suka doke Kansas City Chiefs da ci 31 da 9. Sau 3 kacal aka kayar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Chiefs. Wanda ya ga takarda zai ce katangar ta yi ƙoƙari. Mu da muka hana idonmu barci tun ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare mun ga wani abu dabam: mutum yana ta gudun ceton rai, an matsa masa har sau 29, domin takul ɗinsa biyu na asali, wato masu tsare gefen dama da na hagu na katanga, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. Ƙafar Mahomes ce ta rufa wa katangar asiri a takarda. Ta ɗaya gefen kuma, Dan Marino, kwatabak ɗin Miami, sau 6 kawai aka kayar da shi a duk kakar 1988, saboda ƙwallo ba ta daɗewa a hannunsa. Ke nan yawan kayarwa ya fi ba ka labarin mai jifa fiye da na mutum biyar ɗin da ke gabansa.

Fara da neman hoton da ya dace. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, kuma daga gefen fili take kallo, shi ya sa senta, na tsakiyar katanga mai miƙo ƙwallo, da gadi biyu da ke dama da hagunsa suke cakuɗewa su zama dunƙule guda. Abin da kake buƙata shi ne hoton masu horarwa da ake kira All-22, musamman kusurwar da ake ɗauka daga ƙarshen fili, ta bayan 'yan wasa, inda za ka ga lambar kowa da ratar da ke tsakaninsu. Samunsa cikakke sai da biyan kuɗin rajista, kuma yana cin data ba kaɗan ba. In aljihu bai kai ba, akwai masu sharhi da tsoffin 'yan wasa da ke ɗora guntayensa a YouTube, sai ka rage gudun bidiyon zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ka yi wannan aikin lokacin da ake wasan kai tsaye, idonka ƙwallo zai bi ko kana so ko ba ka so. Ka samu littafi da biro. Ni ban yarda da rubutu a waya ba, domin hannun da ke tsayar da bidiyo shi ne zai yi rubutun, ka rikice.

Sai tacewa. Ba kowace jifa ce ke gwada katanga ba. Cire duk inda aka saki ƙwallo kafin daƙiƙa biyu, cire inda da gangan aka bar mahara, wato 'yan tsaron da ke neman kayar da kwatabak, suka wuce don a jefa wa wani a bayansu, cire inda kwatabak ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, wato wanda ke ruga wa da ƙwallo a hannu, ya yaudari masu tsaro, da inda aka tsara ya fice gefe da gudu. Waɗannan dabarun koci ne na ɓoye rauni. Abin da za ka riƙe shi ne inda kwatabak ya ja da baya kai tsaye ya tsaya, mahara huɗu ko fiye suka taho, kowa a filin ya san jifa za a yi. Yunƙuri na uku, daga cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10, da saura yadi 7 ko fiye, da mintuna biyun ƙarshe na kowane rabi, nan ne gaskiya take fitowa. Za ka ga daga jifa talatin da wani abu abin da ya rage maka bai fi rabi ba, wani lokacin ma bai kai ba. Hakan ya isa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma nan na fi so ka daɗe, domin nan ni ma na yi kuskure shekara guda cur. Kafin a miƙo ƙwallo, tsayar da hoton ka yi ƙirga. Mutum nawa za su tsaya kariya? Biyar na katanga kaɗai, ko da mai gudu su zama shida, ko har da tayit-en, mai karɓar ƙwallon da ke tsayawa jikin takul, su zama bakwai? Mutum nawa ne a ɓangaren tsaro suka matso kamar za su kawo hari? Rubuta lambobin biyu. Daga nan ka kalli hannun senta, ko na kwatabak, za ka ga yana nuna wani ɗan tsaron tsakiya. Wannan da aka nuna shi suke kira Mayik, kuma ma'anar nunin ita ce: mu biyar mun ɗauki huɗun da ke gabanmu da wannan. Duk wanda ya shigo ban da waɗannan, ko na mai gudu ne, ko kuma na kwatabak ne da kansa, ya saki ƙwallo kafin a iso shi.

Ga abin da ya faru da ni. Na taɓa cika shafi guda da laifin wani takul na dama, saboda sau uku a wasa ɗaya wani ya wuce ta gefensa ba wanda ya taɓa shi, shi kuwa ya juya ciki yana tare wani. A idona ya bar aikinsa. Sai da na sake kallo da ƙirga na gane mahara shida ne, masu kariya biyar, kuma ƙa'idar aikin ita ce a toshe ciki kafin waje, tunda wanda ya biyo ta tsakiya hanyarsa ta fi kusa, na can gefe kuwa sai ya yi zagaye. Takul ɗin abin da aka koya masa ya yi. Wanda ya kamata ya ga mutum na shida ya jefa ƙwallo nan take shi ne kwatabak, bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na yi ta faɗa wa abokan kallo cewa yaron ba ya iya komai, alhali a duk wasan shi ne bai yi kuskure ba.

Saboda haka ka koyi gane tsarin kariyar daga takun farko. In duka biyar suka zame gefe guda tare, kowa rata yake tsaro, ba mutum ba, kuma ƙarshen da suka baro na mai gudu ne ko tayit-en. In senta da mutum biyu suka zame gefe guda, sauran biyun suka tsaya kowa da nasa mutum, wannan shi ne rabin zamewa, wanda za ka fi yawan gani, kuma mai gudu yana duba ɗan tsaron tsakiya na ɓangaren da ba a zame ba. Da zarar ka gane wannan, duk matsin da ya faru sai ka tambayi kanka: an fi ƙarfin mutum ne, ko an rikita lissafi, ko dama an fi su yawa? Gida uku ke nan a littafinka. Ƙara na huɗu na laifin kwatabak. Ƙara na biyar ka sa masa alamar tambaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, akwai kiran da koci da 'yan wasansa kaɗai suka san wanda aka ɗora wa. Wanda ba shi da wannan gida na biyar, ƙarshenta sai ya ɗora wa wanda ya fi kusa da wurin, kuma wannan zalunci ne.

Sannan agogo. Ƙirga daga lokacin da ƙwallo ta bar hannun senta. Tashar wasanni ta ESPN ta fito da wani ma'auni a 2018 da ke ɗaukar cewa ɗan katanga ya ci nasara in ya riƙe mutuminsa daƙiƙa 2.5, kuma ni ma wannan iyakar nake bi. An wuce shi kafin nan, laifin nasa ne. An kai daƙiƙa huɗu kwatabak na riƙe da ƙwallo yana neman wanda zai jefa wa, ko masu karɓa ne ba su kuɓuce ba, ko shi ne ya yi jinkiri, ba ruwan katanga. Haɗa da zurfi. Takul yana ja da baya ne bisa zaton mai jifa zai tsaya wajen yadi 7 zuwa 9 a bayan layi, kuma ba ya ganinsa, baya ya ba shi. In kwatabak ya zarce yadi 10, shi ya kai kansa bakin mahari, domin takul ɗin da ya tura mutum ya zagaya ta can nesa ya gama aikinsa. Amurkawa suna kiran wannan ɗan fili aljihu: faɗinsa na takul biyu ne, zurfinsa na gadi biyu da senta. Masu fara kallo gefe kawai suke duba. Ni kuwa na fi tsoron gadin da ake turawa baya har ya taka ƙafar kwatabak, ko da ba a wuce shi ba, domin mai jifa ba shi da inda zai taka gaba ya saki hannu. Irin wannan ba ya fitowa a kowace takarda, amma ka rubuta shi a matsayin rashin nasara. A yunƙurin ƙarshe na Cincinnati a Super Bowl na Fabrairu 2022, ta tsakiya Aaron Donald na Rams ya ɓullo ya wujijjiga Joe Burrow, kwatabak ɗin Cincinnati, ƙwallo ta faɗi ƙasa, Rams suka ɗauki kofi da ci 23 da 20. Ba a lissafa wannan a matsayin kayarwa ba.

In ka zo duba mutum ɗaya, kalli ƙafa kafin hannu. Wanda ya saba kallon kokawa ba sai an yi masa dogon bayani ba: ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ƙasa. Wanda ƙafafunsa suka haɗe ko suka sarƙe ya faɗi tun kafin a taɓa shi. Wanda ya sunkuyo da kai gaba yana neman turawa, za a ja shi ya wuce. Hannu kuma a ƙirji ake sa shi, ta ciki. Wanda hannunsa ke kamo kafaɗa ta waje yana gab da jawo tutar alƙali ta laifin riƙo, a ci su yadi 10 ke nan. Lura da yadda ake cin kowa. Wanda ake wucewa da gudu ta waje matsalarsa dabam da wanda ake tunkuɗewa da ƙarfi, kuma mafi muni shi ne takul ɗin da tsoron gudu ke sa ya yi waje da yawa a shige masa ta ciki.

Musaya kuma ita ce jarrabawar haɗin kai. Mahara biyu su sarƙe, na waje ya faɗo ciki, na ciki ya zagayo waje. Gadi da takul ya kamata su miƙa wa juna kamar masu sauke bulo daga mota, kuma hakan ba ya yiwuwa sai suna kan layi ɗaya, kafaɗa kusa da kafaɗa. In ɗaya ya fi ɗaya zurfi, ƙofa ta buɗe. Katangar da ake yawan canza mata mutane a nan take tonuwa, ko da kowannensu gwani ne shi kaɗai.

Kada ka manta da rubuta wanda ake taimaka wa. In kullum tayit-en ko mai gudu sai ya bangaji maharin gefe guda kafin ya fita, koci ya gaya maka wanda bai yarda da shi ba, kuma tsabtar takardar wannan mutumin ta aro ce. Rashin taimakon ma abin rubutawa ne. A watan Satumba 2007, Osi Umenyiora na New York Giants, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kayar da Donovan McNabb, kwatabak ɗin Philadelphia, sau 6 a dare ɗaya, Giants gaba ɗaya sau 12. Wanda ke gabansa, Winston Justice, matashi ne da aka sa a takul na hagu don mai wurin ya ji rauni, aka kuma bar shi shi kaɗai mafi yawan wasan. An ci shi, ba musu. Amma a littafina masu tsara wasan Philadelphia suna da kaso mai tsoka a ciki.

Sauran aikin ba wuya. Wasa ɗaya ba ya isa, yi aƙalla huɗu, biyu da ƙungiyoyi masu mahara na gaske, ɗaya a gidan abokan hamayya inda ihun 'yan kallo ke hana jin kira, ka ga ko suna motsi kafin lokaci ana cin su yadi 5. Duba waye ya ji rauni, waye aka ɗauko daga wani gurbi. Raba adadin rashin nasarar kowa da adadin jifar da ka tace. Bayan ka gama, ba kafin nan ba, sai ka kwatanta da makin PFF, kamfanin da ke ba 'yan wasa maki, da na ESPN. Inda kuka saɓa, koma ka sake kallon waɗannan wuraren.

In kana neman wasan gwaji, ɗauki Super Bowl na 9 ga Fabrairu 2025, Philadelphia Eagles 40, Chiefs 22. An kayar da Mahomes sau 6 ba tare da Eagles sun ƙaro mahari ko sau ɗaya ba, don haka ƙirgar mai sauƙi ce, biyar a kan huɗu, gidan "an fi su yawa" zai zauna fayau. Sa ido a hagu, inda aka mayar da Joe Thuney, wanda asalinsa gadi ne, ya riƙe takul, ka kuma kunna agogonka a kowace kayarwa ka ga nawa ne suka faru kafin daƙiƙa 2.5.