Ga masu shirin Umra daga Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa. Kafin ku biya kuɗin tikiti, ku tambayi mai sayarwa ta ina jirgin zai bi. Daga filin jirgin Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, tafiyar awa biyar ko makamancin haka. Amma in zai yada zango a Adis Ababa ko Istambul, sai ka kwana kan kujerar jira, araha ta koma wahala, musamman ga mai rakiyar tsoho.

Sannan lokacin sauka da ke kan tikiti agogon Saudiyya ne, yana gaban namu da awa biyu. Ku cire su kafin ku faɗa wa mutanen gida lokacin kira, kar Hajiya ta tayar da hankali a banza.