Shawara ga masu shirin zama furodusa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ke son shiga harkar fim, fara da wannan: kafin ka nemi lambar babban jarumi, ka san sunan mai riƙe fitila da mai dafa abincin lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Su ne za su tsaya maka in rana ta faɗi ba a gama ɗauka ba. Na taɓa ganin yaron kamara ya cire hularsa ya tare hasken taga don kada a sake ɗaukar wannan fitowar, saboda furodusan ya biya shi haƙƙinsa tun da safe, ya kuma tambayi jikin mahaifiyarsa.

Ka biya ƙananan ma'aikata a ranar, ko da kuɗin mota ne. Labarin wanda ke riƙe haƙƙi yana zaga ofisoshin 'yan fim na Zoo Road a Kano kafin magariba.

Batun salo kuwa, kada ka kwaikwayi abin da ke tashe a YouTube. In labarin karkara ka iya, tsaya a kai, ka nemi gidan ƙasa na gaske da zaure. A Kano kuma, ka lissafa kuɗin Hukumar Tace Finafinai tun a kasafin farko.