Yadda 'yar fim za ta mayar da littafinta wasan rediyo

Ƙanwata, tunda kin saba da kyamara kuma kina da littafi a hannu, ki fara sanin cewa fuskarki ba za ta yi miki aiki a rediyo ba. Harara, murguɗa baki, hawaye a kunci, duk ki bar su a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Mai sauraro yana tuƙi ne ko yana wanke-wanke, kunne kawai ya ara miki.

Ki ɗauki babi ɗaya, ba littafin duka ba. Ki sa jan biro ki soke duk inda kika tsaya bayanin kayan ɗaki, launin atamfa ko zancen zuci. Ɗan abin da ya rage shi ne jarinki. Daga nan ki tambayi kanki: da wace ƙara za a gane inda ake? Tsakar gida, turmi da taɓarya ko ƙarar buta. Bakin titi a Kano, hon ɗin Adaidaita Sahu. Kiran assalatu kaɗai ya isa ya faɗi lokaci, ba sai kin ɗauko mai ba da labari yana cewa "washegari da asuba" ba. Ni dai mai ba da labari ba ya burge ni, yawanci rago ne ke fakewa da shi.

Inda 'yan fim suka fi tuntuɓe shi ne wajen sanar da wanda ke magana. A littafi sai ki rubuta sunan miji, a fim a gan shi. A rediyo kuwa dole wani ya ambace shi, ga shi matar Bahaushe ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Kada ki karya alkunya don sauƙin aiki, masu sauraro za su ji baƙuwar magana nan take. Ki bar matar ta ce "Malam" ko "Baban Ummi", sunan yanka kuma ya fito daga bakin aboki da ya yi sallama a ƙofar gida. Sallama babbar gata ce gare mu: kowa ya shigo sai ya sanar da kansa. Kada ki tara fiye da mutum uku ko huɗu a fitowa ɗaya, kuma idan akwai kishiyoyi, ki tabbata muryoyinsu sun bambanta, ɗaya siririya mai sauri, ɗaya mai kauri da jan magana.

Ga inda kika fi marubuciyar da ba ta taɓa wasa ba: kin san maganar da ke zama a baki. Zaman jiran darakta a lokeshan, kafin a gyara fitila, ki mayar da shi lokacin gwaji. Ki jawo abokiyar aiki ku karanta da ƙarfi, ki naɗa a waya, ki saurara ido a rufe. Duk jimlar da numfashi ya ƙare kafin ta ƙare, ki raba ta. Da agogo za ki auna tsawon, domin shirin rabin awa ba rabin awa ba ne idan aka cire talla da kiɗan buɗewa. Kowane kashi ya tsaya a inda magana ta ɗau zafi.

Sai batun haƙƙi. Labari ɗaya yana iya cin kasuwa uku. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, aka yi fim ɗinsa, sannan aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Saboda haka idan gidan rediyo ko furodusa ya nemi labarinki, a rubuta yarjejeniya: izinin rediyo kawai kika bayar, na tsawon lokaci kaza, maimaici sau kaza. Na fim da na bugawa suna hannunki. "Ai mun zama ɗaya" ba takarda ba ce.

Idan a Kano za ki buga littafin ko ki yi fim ɗin, ki bi ta Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun da wuri. In kuma har yanzu ana yi miki kallon jaruma kawai, ki gwada alƙalaminki a gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata. Ranar da za ki tunkari shugaban shirye-shirye na gidan rediyo, ki je da kashi uku a rubuce, ɗaya a naɗe, da taƙaitaccen labarin a shafi guda.