Cinikin makaman Amurka da sa idon majalisa: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A ranar 14 ga Afrilun 2022 hukumar DSCA, wadda ke kula da cinikin makamai a Ma'aikatar Tsaron Amurka, ta sanar da Majalisar Dokoki cewa gwamnati na shirin sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin AH-1Z guda 12, a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 997. Irin wannan sanarwa takan fito a kanun labarai da cewa "Amurka ta sayar" ko "majalisa ta amince", alhali babu ɗayansu da ya faru a ranar. Yawancin kurakuran da 'yan jarida, ƙungiyoyin farar hula da masu sharhi ke yi a wannan fanni daga wuri guda suke tasowa: ana neman ƙarfin majalisa a inda ba shi da yawa, ana barin inda yake.

Ɗaukar sanarwa a matsayin ciniki

A cinikin gwamnati da gwamnati, wanda ake kira FMS, ƙasar da ke son makami takan fara da rubuta wasiƙar buƙata. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke yanke shawarar a sayar ko kada a sayar, Ma'aikatar Tsaro kuma ita ke aiwatarwa. Sai an sanar da majalisa, wa'adin dubawarta ya cika, sannan a miƙa wa ƙasar takardar tayi. Idan ta sa hannu ta biya kafin alƙalami, sai gwamnatin Amurka ta ba kamfani kwangilar ƙerawa, ta kuma ɗora kashi 3.2 cikin 100 na kuɗin gudanarwa a kan cinikin.

Tsakanin waɗannan matakai shekaru ne. Jiragen yaƙi na A-29 Super Tucano guda 12 da Najeriya ta saya an sanar da majalisa batunsu a Agustan 2017, aka ba kamfanin Sierra Nevada kwangila a Nuwamban 2018, rukunin farko na guda shida kuma bai sauka a Kano ba sai Yulin 2021. Jiragen AH-1Z ɗin ma kamfanin Bell bai samu kwangilar ƙera su ba sai Maris na 2024.

Haka batun farashi yake. Adadin da ke cikin sanarwa shi ne iyakar abin da cinikin zai iya kaiwa, kuma ya haɗa da kayan gyara, harsasai da rokoki, horo, gine-gine da ma'aikatan kamfani da za su zauna su kula da kayan. An sanar da dala miliyan 593 a kan Super Tucano, amma kwangilar jiragen ta tsaya a kan dala miliyan 329. Wanda ya raba 593 gida 12 ya ce ga kuɗin jirgi ɗaya, ya kuma gina zargin almundahana a kan haka, ya yi lissafin da ba ya tsayuwa. A karanta jerin kayan da ke cikin sanarwar, a jira sanarwar kwangila daga Ma'aikatar Tsaro, sannan a gwada biyun.

Cewa majalisa ta amince

Majalisar Amurka ba ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da cinikin makamai. Dokar 1976 ta kula da fitar da makamai, a sashe na 36, ta ba ta damar hanawa ne kawai cikin ƙayyadadden lokaci: kwana 30 ga yawancin ƙasashe, kwana 15 ga ƙasashen NATO da Japan, Ostireliya, Koriya ta Kudu, Isra'ila da New Zealand. Idan wa'adin ya wuce ba ta ce uffan ba, ciniki ya tafi. Saboda haka abin da ya dace a rubuta shi ne wa'adi ya cika ba tare da majalisa ta hana ba.

Hanawar ma ba ta da sauƙi kamar yadda take a takarda. Da farko ƙudurin da majalisun biyu, ta Dattawa da ta Wakilai, suka zartar ya isa ya kashe ciniki, ba sai da sa hannun shugaban ƙasa ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1983 a shari'ar Chadha ya rushe irin wannan iko, daga baya aka gyara dokar ta zama sai ƙudurin haɗin gwiwa da za a kai wa shugaban ƙasa. To shugaban da gwamnatinsa ta kawo cinikin ai ba zai sa hannu a kashe shi ba. Zai hau kujerar na-ƙi ne, kuma kawar da wannan na buƙatar kashi biyu bisa uku a kowace majalisa. Har yau ba a taɓa tsayar da ciniki ta wannan hanya ba. An fi kusantar haka a 1986 kan makamai masu linzami na Saudiyya, inda Majalisar Dattawa ta samu ƙuri'a 66 a ƙoƙarin take na-ƙin Shugaba Reagan, ana buƙatar 67. A Yulin 2019 Shugaba Trump ya hau kujerar na-ƙi kan ƙudurori uku da suka shafi Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su ma ba a iya ceto su ba.

Daga nan wasu kan faɗa kuskuren da ke ɗaya gefen, su ce ƙuri'ar aikin banza ce. A cinikin 1986 ɗin nan sai da aka cire makaman kakkaɓo jiragen sama na Stinger daga jerin kafin Reagan ya tsira da ƙuri'a ɗaya. Ƙudurin da ya faɗi yakan bar tabo a jikin cinikin: a rage kaya, a ƙara sharaɗi, ko gwamnati ta yi jinkirin kawo na gaba.

Jiran sanarwar hukuma kafin a motsa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada ga mai son a ji muryarsa. Kafin sanarwar da kowa ke gani, Ma'aikatar Harkokin Waje takan kai bayanin cinikin a asirce ga kwamitoci biyu, na hulɗa da ƙasashen waje a Majalisar Dattawa da takwaransa a Majalisar Wakilai. Mutum huɗu ne ke da ta cewa: shugaban kowane kwamiti da babban ɗan jam'iyyar marasa rinjaye a cikinsa. Ana ba su kwana 20 zuwa 40, gwargwadon ƙasar da irin makamin. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata har sai an amsa masa tambayoyi, al'ada ita ce gwamnati ba ta aika sanarwar hukuma.

A wannan mataki aka riƙe jiragen AH-1Z na Najeriya a 2021, lokacin da Sanata Bob Menendez da Sanata Jim Risch, biyu daga cikin mutum huɗun a lokacin, suka ƙi sakin cinikin saboda damuwa kan haƙƙin ɗan Adam. Da aka sake shi a 2022, sanarwar ta zo da dala miliyan 25 da aka ware don ci gaba da horar da sojoji kan haɗa aikin sama da na ƙasa da rage kashe fararen hula. A nan ne kuma cinikin jiragen yaƙi samfurin F-16 na Turkiyya, na dala biliyan 23, ya daɗe a tsaye, bai wuce ba sai a Janairun 2024 bayan Ankara ta amince da shigar Suwidin cikin NATO. Da Sanata Rand Paul ya kawo ƙudurin hana shi bayan sanarwa, ƙuri'a 13 kacal ya samu.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, ranar da DSCA ta wallafa sanarwa, galibi an riga an gama magana. Ƙungiyar da ke da shaidar harin da aka kai wa fararen hula, ofisoshin waɗannan mutum huɗu za ta nufa, musamman ma'aikatan kwamiti da ke rubuta tambayoyin, kuma tun lokacin da aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin cinikin. Abin da ke da amfani a wajensu shi ne rana, wuri, rundunar da ta yi aikin, irin makamin, da abin da hukuma ta yi ko ta ƙi yi daga baya. Wasiƙar koke ta gaba ɗaya ba ta zama tambayar da ma'aikatar za ta ji dole ta amsa.

Sai dai kada a ɗauki wannan riƙo a matsayin doka. Ladabi ne tsakanin ɓangarori biyu na gwamnati, kuma ana iya take shi. A Fabrairun 2025 gwamnatin Trump ta aika sanarwar cinikin sama da dala biliyan 7 ga Isra'ila alhali Gregory Meeks, babban ɗan jam'iyyar marasa rinjaye a kwamitin Majalisar Wakilai a lokacin, bai sake shi ba.

Kuskuren lissafin kwanaki

Kwanakin kalanda ake ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi da hutun majalisa. A Majalisar Dattawa duk sanatan da ya gabatar da ƙudurin hanawa yana iya neman a zare shi daga hannun kwamiti bayan kwana 10, ko 5 idan ƙasar na cikin masu kwana 15, kuma muhawara ba ta wuce awa 10. Majalisar Wakilai ba ta da irin wannan hanyar tilasta wa kwamiti, shi ya sa kusan duk faɗan a Majalisar Dattawa ake yin sa.

Cikar wa'adi bai rufe ƙofa ba. Majalisa na iya tsayar da ciniki da doka ta yau da kullum har zuwa ranar da za a miƙa kayan, ko ta ɗaure shi da sharaɗi a dokar kasafi. A ɗaya hannun kuma gwamnati na iya tsallake wa'adin gaba ɗaya idan ta ce akwai gaggawa da ta shafi tsaron ƙasa. Sakataren Harkokin Waje Mike Pompeo ya yi haka a Mayun 2019 kan cinikayya 22 na dala biliyan 8.1 ga Saudiyya, Daular Larabawa da Jodan, magajinsa Antony Blinken kuma ya yi sau biyu a Disamban 2023 kan harsasan tankoki da na manyan bindigogi ga Isra'ila. Dokar ta nemi a bayar da hujja a rubuce, amma ba ta fayyace mene ne gaggawa ba.

Zaton duk ciniki yana zuwa gaban majalisa

Akwai ma'aunin kuɗi. Ga ƙasa irin Najeriya, sai ciniki ya kai dala miliyan 14 na manyan kayan yaƙi, ko miliyan 50 na sauran kaya da ayyuka, ko miliyan 200 na gine-gine kafin a wajabta sanarwa. Ga ƙasashen NATO da sauran biyar ɗin, miliyan 25 ne da 100 da 300. Duk abin da ya gaza haka yana wucewa ba tare da wa'adin dubawa ba. Babban mai bincike na Ma'aikatar Harkokin Waje ya gano a 2020 cewa daga Janairun 2017 an amince da cinikayya 4,221 ga Saudiyya da Daular Larabawa a ƙasa da ma'aunin, jimillarsu dala biliyan 11.2.

Ban da haka akwai cinikin da kamfani ke yi kai tsaye da ƙasar waje bisa lasisin Ma'aikatar Harkokin Waje. Shi ma yana da sanarwarsa idan ya kai ma'auni, amma ba ya fitowa a shafin DSCA. Mai tara sanarwar DSCA kaɗai ya ce ga jimillar makaman da aka sayar wa ƙasa kaza zai yi kuskure ta fuska biyu: ya ƙirga cinikin da ba a kammala ba, ya kuma bar waɗanda ba a taɓa sanarwa ba.

Jingina komai ga dokar Leahy

Ana yawan cewa dokar Leahy ce ke hana sayar wa Najeriya makamai. Dokar ta hana ba da taimakon da Amurka ke biya, kamar horo ko kayan kyauta, ga rundunar da aka samu sahihin bayani cewa ta aikata mummunan take haƙƙin ɗan Adam. Runduna take kamawa, ba ƙasa ba, kuma gwamnatin Amurka ba ta ɗaukar ta a matsayin mai aiki kan makaman da ƙasa ta saya da kuɗinta. Jinkirin Super Tucano shawara ce ta siyasa da gwamnatin Obama ta yanke bayan jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017.

Dokar da ta fi kusa da ciniki ita ce sashe na 502B na dokar taimakon ƙasashen waje ta 1961. A ƙarƙashinsa majalisa ɗaya na iya neman rahoto kan halin haƙƙin ɗan Adam a wata ƙasa, idan ba a kawo ba cikin kwana 30 taimakon tsaro ya tsaya, ciki har da ciniki. Ba kasafai ake amfani da shi ba. Sanata Bernie Sanders ya gwada a Janairun 2024 kan Isra'ila, aka yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 72 da 11.

Bin diddigin kayan bayan an miƙa su ma ana yi masa kallon da ya wuce ƙarfinsa. Shirin Golden Sentry na Ma'aikatar Tsaro da Blue Lantern na Ma'aikatar Harkokin Waje sun fi mayar da hankali kan ƙirga kaya, duba lambobinsu da tabbatar da ba su faɗa hannun wani ba. Ba su ne ke binciken a kan wa aka harba makami ba.

Manta da majalisar ƙasar da ke saye

Ciniki na da gefe biyu, amma hankali kan tafi Washington kaɗai. A Afrilun 2018 Shugaba Buhari ya rubuta wa Majalisar Tarayya cewa ya riga ya amince a cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin man fetur don biyan kuɗin Super Tucano, yana neman a shigar da kuɗin cikin kasafi daga baya. Hujjarsa ita ce wa'adin biyan da Amurka ta sa ya matso. Sanatoci suka ce an saɓa wa sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana taɓa kuɗin gwamnati ba tare da izinin majalisa ba, har aka ambaci tsigewa, daga ƙarshe maganar ta mutu.

Wa'adin nan bai zo ba zato ba. Kowace takardar tayi tana ɗauke da ranar da za ta daina aiki da jadawalin biyan kuɗi, kuma an san da cinikin tun sanarwar Agustan 2017. Kwamitocin tsaro da na kasafi a Abuja na iya neman kwafin takardar tayin da jadawalin tun ranar da sanarwa ta fito a Amurka, su tambayi daga wane asusu za a biya, su kuma tambayi nawa aka tanada don kayan gyara da kula da jiragen bayan kwangilar farko ta ƙare, domin wannan kuɗin ne ke dawowa cikin kasafi kowace shekara.