Darasi na 9: Ƙarfin Tsakiyar Jiki ga Mahayin Keken Tsere

Ranar Lahadi da sassafe ƴan ƙungiyarmu kan taru a bakin kwalta, mu kama hanyar Madarunfa ko ta Tibiri. Da tafiya kowa garau yake. Da dawowa ne ake ganin abu. Wannan ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, wancan yana murza wuya, wani kuma sai yarfa hannu yake yi don yatsunsa sun mutu. In ka ce, "Ƙafa fa?" sai su ce ƙafa lafiya lau, baya ne ya gaza.

Ni ma na sha wannan wahala. Na daɗe ina ɗora wa sirdi laifi, har na canza shi sau uku, kuɗi suka tafi, ciwo yana nan. Ashe gyaran ba a kan keke yake ba, a kan tabarma yake.

Gatari komai kaifinsa, in ƙotarsa tana girgiɗi ba ya cin itace. Ƙafafunka su ne gatarin. Ƙotar kuwa ita ce tsakiyar jiki, wato naman ciki, da na haƙarƙari, da na gadon baya, da na ɗuwawu. Su ne ke riƙe ƙugu wuri ɗaya lokacin da ƙafa ke taka feda. In sun yi rauni, sai ƙugu ya riƙa rawa a kan sirdi, nauyin jiki ya zube kan hannuwa, ƙashin baya ya ɗauki aikin da ba nasa ba.

Mu yi lissafi

Mai keken tsere yakan juya feda kamar sau 90 a minti ɗaya. Awa ɗaya minti 60 ce. 90 sau 60 ya ba da 5,400. Wato a tafiyar awa biyu, ƙafarka ta zagaya sau 10,800, kana duƙe, ba ka miƙe ba. Hawan keke yana ƙarfafa cinya, amma bai cika gina ciki da baya ba. Shi ya sa ake neman ƙarfinsu a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Aikin tabarma

Ba ka bukatar sayen komai. Tabarma da inuwa sun isa. Fara da ɗumama jiki: ka yi sassarfa a tsakar gida minti 5, kana juya kafaɗa da ƙugu.

Na farko muna ce masa katako, kuma shi ne uban sauran. Kwanta rub da ciki. Kafa gwiwoyin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, ka kafa yatsun ƙafa, ka ɗaga jiki. Daga ƙeya zuwa diddige ya zama layi ɗaya. A nan mutane ke kuskure: wani ya tura ɗuwawu sama kamar tozon raƙumi, wani ya saki ciki ya lotsa. Ka sa ɗanka ko abokinka ya ɗora sandar tsintsiya a bayanka. In ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙashin ƙugu, ka daidaita. Matse ciki kamar mai jiran naushi, amma kada ka riƙe numfashi. Ƙirga a fili daga 1 zuwa 20, don mai ƙirga a fili dole ya yi numfashi. Jiki zai yi rawa, ba komai. In ya yi maka tsanani, sauke gwiwoyi ƙasa. Huta, ka maimaita sau 3. Ƙirga 20 da jiki a miƙe ya fi 60 da baya a lotse.

Sai ka juya gefe, ka dogara kan gwiwar hannu ɗaya, ka ɗaga ƙugu. Ƙirga 15 dama, 15 hagu.

Na uku, gada. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su yi layi ɗaya, sannan ka sauka a hankali. Sau 12. In a gadon baya kake jin aikin ba a ɗuwawu ba, to ɗagawar ta wuce kima.

Na huɗu, rarrafe. Tsaya kan hannuwa da gwiwoyi. Miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ka ƙirga 5, ka canza. Ɗauka an ɗora maka ƙwaryar fura a gadon baya, ba ka so ta zube.

Miƙar jiki

Wani ɗalibinmu tela ne. Yini yake yi zaune a kan keken ɗinki, da la'asar kuma ya hau na tsere. Ran nan ya ce da ni, "Malam, ni fa in na sauka daga keke ba na iya miƙewa sosai, sai na yi ta tafiya a duƙe kamar tsoho."

Na ce, "Ƙanena, zo ka durƙusa nan."

Ya durƙusa kan gwiwar dama, na naɗe masa ɗan zane a ƙarƙashinta, ya kafa ƙafar hagu a gaba. Na ce ya matse ɗuwawun dama, ya miƙe ƙirji, ya ɗan matsa ƙugu gaba. Ko taƙi ɗaya bai matsa ba ya ce, "Wash! Nan ne, Malam," yana nuna gaban cinya, daidai inda ta haɗu da mara.

Naman wannan wuri shi ke ɗaga cinya sama. Mai yawan zama, ko tela ne, ko direba, ko ɗan kabu-kabu, ko mai tsaron kanti, wurin yakan ɗaure masa. A ganina, in lokaci ya ƙure maka, kowace miƙa ka bari amma ban da wannan. Riƙe ta ka ƙirga 30, ka canza ƙafa, sau 2.

Bayan cinya kuma, kwanta rigingine, ka zarga rawani ko tawul a tafin ƙafa, ka jawo ta sama a miƙe. Don ƙirji, dafa bakin ƙofa da hannuwa biyu ka ɗan kutsa gaba. Duk miƙa a ji ja, kada a ji zafi, kuma ban da fizga. Doguwar miƙa bayan an sauko daga keke ake yin ta, jiki da ɗumi, balle da hunturu.

Yaushe, kuma wa zai dakata?

Kwana 2 ko 3 a mako, minti 15 zuwa 20, a bar kwana ɗaya tsakani. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke ƙuna a Maraɗi, bayan sallar asuba ya fi. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa, abinci ya faɗa. Manyan ƴan tsere ma suna da ranakun horo a ƙasa. Kuma wannan wasa namu ne mu ma: Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango 3 da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a babbar gasar keke ta Tour de France ta 2024, a 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya a Kigali ta Ruwanda, karon farko a Afirka.

Mai gwaiwa, da mai hawan jini, da wanda aka yi wa aiki a ciki, su ga likita kafin su fara. In ciwon baya yana sauka har ƙafa, ko ƙafa tana mutuwa, bar tabarma ka je asibiti. Duba sirdinka kuma, don in ya yi tsawo ƙugu zai yi rawa ko da cikinka ya yi ƙarfi. Zauna a kai, ɗora diddige kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe ba tare da ka karkata ba.

Aikin gida

Ja layi 7 a littafinka, ka rubuta ranakun mako daga Litinin zuwa Lahadi. Duk ranar da ka yi katako, rubuta lambar da ka kai a gaban ranar. Ka zo da littafin aji mako mai zuwa, ka zo da tabarmarka.