Yadda ake canza ƙwaƙwalwar birkin ABS a babbar jif

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mana Lexus LX 570 daga Jega, fitilu uku a kunne a gaban direba: ta ABS, da jar fitilar birki, da wadda ke nuna motar tana santsi. A wani gareji an riga an ce masa ƙwaƙwalwar birkin, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa ABS, ta ƙone, har ya fara cinikin wata ta waya. Na ce masa, "Alhaji, a ba ni minti ashirin kafin a tura kuɗin nan." Da yarona ya shiga ƙarƙashin motar, sai ga wayar sensar tayar baya ta dama a tsinke, wani kututture ya fizge ta a hanyar gona. Muka haɗa, fitilun suka mutu.

Shi ya sa aikin nan ba daga sufana yake farawa ba. ABS, tsarin da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, wanda kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da nasu samfurin a 1978, yana aiki ne da sensa a kowace taya mai ƙidaya saurin juyawarta. Idan ka taka birki da ƙarfi wata taya ta nemi ƙamewa, ƙwaƙwalwar sai ta sassauta mata matsin man birki ta kuma matse, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don sitiyari ya ci gaba da jin magana. Duk abin da ya katse wannan saƙo zai kunna fitila, kuma ƙwaƙwalwar ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga.

Ka fara da batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen 12.6 a mita idan mota a kashe take, idan kuma inji na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu yana cin batir, kuma raunin wuta kaɗai ya isa ya rikita ABS. Daga nan sai fius da rile da wayar da aka ɗaure a jikin bodi. Sannan ka jona sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsalar mota, a soket mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, amma sikanar da ke iya shiga sashen birki, ba ƙaramar nan mai karanta inji kaɗai ba. A motocin Toyota da Lexus, lambar C1241 tana nufin wuta ta yi ƙasa, C1256 kuma ma'ajiyar matsin mai ce ta gaza. U0121 na nufin sauran na'urorin motar sun daina jin ƙwaƙwalwar ABS. Ko a nan ma kada ka yanke hukunci sai ka cire babban soket ɗinta ka duba. Idan ka ga koren tsatsa a kan fil-fil ɗin, ruwa ne ya shiga, ko daga masu wankin inji da famfo mai ƙarfi, ko daga keta ruwan fadama lokacin damina. Sai wuta ta isa soket, wayoyi lafiya, sensoci huɗu lafiya, amma ƙwaƙwalwar ta ƙi amsa wa sikana, to a lokacin ne za a ce ta mutu.

Abu na biyu, ka san irin wadda ke gabanka. A wasu motocin akwatin lantarkin yana rabuwa da dunƙulen ƙarfen da bututun mai ke shiga, ƙananan sukurori ne kawai ke riƙe da shi, ka ga ba sai an taɓa mai ba. A Land Cruiser da Lexus LX da GX kuwa, masta (silindar da ke tura mai idan an taka birki) da famfo da ma'ajiyar matsi da ƙwaƙwalwa duk a haɗe suke wuri ɗaya, kuma yawanci gaba ɗaya ake saukewa. Ka kwafi lambar da ke jikin tsohuwar, harafi da harafi, ka ɗauki hotonta ka tura wa mai kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano yake ko a Ladipo ta Legas. Kama da wane ba ta wane: biyu za su yi kama a ido amma tsarin cikinsu daban. Idan ta hannu za ka saya, ku yi magana a fili cewa in sikana ta ƙi ta za a dawo da ita. Wadda aka bar ramukan bututunta a buɗe cikin ƙura, ni ba na karɓa ko da rabin kuɗi ne.

Yanzu saukewa, kuma nan ne nake so a natsu. Ma'ajiyar matsin nan, mai kama da ƙaramin gwangwani, tana riƙe da mai cikin matsi mai tsanani ko da mota a kashe take. Ka kashe makulli, ka taka birki sama da sau 40, har ka ji yanayin takun ya canza. Wanda ya kwance bututu bai yi haka ba, man zai iya feso masa a ido. Bayan nan ka cire kan batir na baƙar waya, ka zuƙe man da ke cikin kofin da sirinji, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa da gefen bodi, domin man birki yana cin fenti.

Ka ɗauki hoto, ka liƙa wa kowane bututu sheda da salatif. Ka kwance su da sufanar bututu, mai baki kusan a rufe, lamba 10 a yawancin Toyota. Sufana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti, daga nan sai filaya, daga filaya sai neman sabon bututu. Duk wanda ka cire ka toshe bakinsa nan take. Idan lokacin hunturu ne, ka ja motar cikin rumfa; ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul ɗin ciki. A waɗannan Toyota sai ka shiga ƙarƙashin sitiyari ka zare fil ɗin da ya haɗa sandar masta da abin taka birki, ka kwance notuna huɗu, wani ya tallafe ta daga waje saboda tana da nauyi.

Ɗorawa ba ta da wuya. Abu ɗaya ne: kowane bututu ka fara ɗaura shi da yatsu har ya shiga zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi kafin sufana ta taɓa shi. Jikin aluminiyam ne, idan zaren ya goce an yi asarar kayan. Ka tura soket har ka ji makullinsa ya kama.

Sai mai. Ka karanta murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar roba da ba a taɓa buɗewa ba, domin man birki yana shan danshin iska. DOT 5 kada ya kusanci motar ABS. Ka maida batir, ka kunna makulli, ka saurari famfon ya yi gurnani ya tsaya da kansa. Idan ya ƙi tsayawa, kashe ka duba. Fitar da iska irin ta gargajiya, ɗaya na takawa ɗaya na cewa "riƙe", ba ta isa a nan ba, saboda iska tana ɓuya a bayan bawul-bawul ɗin da ba sa buɗewa sai an ba su umarni. Ka shiga sashen fitar da iska a sikana, manhajar Techstream ga masu Toyota, ka bi tayoyin yadda ta jera maka, yaro ɗaya aikinsa kawai kallon kofi kada mai ya ƙare. Abin da ya fi ɓata mini rai a sana'ar nan shi ne in ga an tsallake wannan mataki an miƙa wa mutum makulli, alhali iyalinsa zai ɗauka ya hau titin Koko zuwa Yawuri.

Saura gabatar da sabuwar ga motar. Jif-jif na Jamus irin su Mercedes ML da BMW X5 sai an rubuta wa ƙwaƙwalwar lambar shasi da tsarin motar. A Toyota da Lexus kuma ana saita sensar da ke auna karkata da juyawa: mota a kan daɓe madaidaici, sitiyari a miƙe, giya a P, kada kowa ya jingina da ita har sikana ta gama. Idan filin garejinka gangare ne, ka nemi wuri mai siminti. Sannan ka goge tsofaffin lambobin.

Gwajin farko a cikin gareji, a hankali. Idan takun ya tsaya da ƙarfi bai nutse ba, ka fita da ita wata hanyar burji da babu mutane ko dabbobi, ka kai gudun kilomita 30 zuwa 40, ka danne birki har ƙasa. Za ka ji yana bugun tafin ƙafarka da ƙara kamar ana niƙa, motar kuma ta tsaya a miƙe. Ka dawo ka sake sa sikana, ka bi bakin kowane bututu da farin tsumma, ka cika mai zuwa layinsa. Ka ce wa mai motar ya dawo bayan kwana biyu a sake duba bakin bututun, in kuma ya ji ƙarar gargaɗi mai tsawo tare da jar fitila, ya faka nan take ya kira ka.