Ga sababbin zuwa Amurka: in wutar cek ta kunnu, kar ku yi mata irin ta gida

'Yan'uwa sababbin zuwa, yawancinku motar farko da za ku saya tsohuwa ce, Camry ko Corolla ko Accord wadda ta sha tafiya, kuma ba za ku jima ba za ku ga 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kunnu a dashbod. A gida mun saba, bakanike zai ce ai ba komai oga, tuƙa abinka. To nan ba haka ba ne. A jihar Niyok duk shekara sai an duba mota, a Kalifoniya gwajin hayaƙi duk shekara 2 ne ga yawancin tsofaffin motoci, in wutar nan tana kunne motarka ta faɗi, ba ka da sabunta rajista.

Abin farko kar ka kai gareji tukuna. Duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona sikana, wato na'urar da ke karanto lambar matsalar da ta sa wutar ta kunnu. Shagunan kayan mota irin su AutoZone da O'Reilly suna karanta maka kyauta a yawancin jihohi, ko ka sayi ƙaramar sikana da kanka ba ta da tsada. Ka rubuta lambar da ta fito, ita ce makaminka.

In ka ga lamba irin P0130 zuwa P0141 to maganar sensan iska ce, wato wannan abin mai kama da fulogi da aka ɗaura a jikin bututun salansa da waya a gindinsa. Aikinsa ya shinshina hayaƙi ya faɗa wa birenbos, wato kwamfutar motar, ko mai ya yi yawa ko iska ta yi yawa, shi kuma ya daidaita. In ya mutu sai mota ta hau shan mai kamar ba gobe, silo ya riƙa rawa, wani lokaci har ka ji warin ɗanyen fetur. Akwai na gaba kafin indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin bututun salansa, akwai na baya, mota mai silinda 6 kuwa tana iya samun guda 4, don haka ka tabbatar wanne lambar take nufi kafin ka biya kuɗi. Kuma don Allah lamba ba ta cewa canza sensa, cewa take akwai matsala a wannan layin. Ka leƙa wayar ko ta taɓa salansa ta narke, ko soket ɗin ya yi tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, ko fiyus ne ya ƙone, ko salansa ce ta huje kafin wurin sensan tana jawo iska. P0171 ma, lambar da ke cewa iska ta fi mai yawa, mutane da yawa sensa suke canzawa alhali wata 'yar roba ce ta tsage inji yana zuƙar iska ta bayan fage.

In ya tabbata shi ne, sayi Denso ko NTK ko Bosch wanda ya dace da motarka, ka bar na arha marar suna, arha ba ta ado. Akwai soket mai tsaga a gefe lamba 22 da ake kwance shi da ita, shagunan nan suna ba da aro, ka ajiye kuɗi in ka mayar su maido maka. Ka fesa masa man sassauta tsatsa ya kwana.

Abu biyu da nake roƙonku ku kiyaye. Kar wanda ya ce ka cire kan batir wuta ta mutu ka ruga wurin gwaji, kwamfutarsu za ta nuna motar ba ta gama duba kanta ba su maido ka, sai ka yi kwanaki kana tuƙi cikin gari da babban titi kafin ta shirya. Sannan fasa indomi a zubar da cikinsa kamar yadda ake yi a garejinmu na gida, nan laifi ne a dokar tarayya. In P0420 ta fito, wato lambar da ke cewa indomi ba ya aiki yadda ya kamata, ka fara duba sensa da yoyon salansa, kuma in motar ba ta kai shekara 8 ko mil 80,000 ba kamfani ne ke da alhakin indomin, ka tambayi dila. In kuwa wutar tana ƙiftawa ne ba tsaye take ba, faka, inji na tsallake wuta kuma ɗanyen man zai ƙone indomin.

Sai giyabos, wanda nan ne ake cin kuɗin baƙo. Ka wayi gari ka ga jan mai a ƙasa, hankali ya tashi, wani ya ce sai an sauke giya. Tsaya. A saman giyabos akwai wata 'yar kafar numfashi, wani lokaci da hula wani lokaci da ɗan tiyo, don in mai ya yi zafi ya kumbura iska ta samu hanyar fita. In laka ko datti ya toshe ta, ƙarfin iskar sai ya tura mai ta sil, ka canza sil sabo ya sake yoyo saboda ba a taɓa asalin ciwon ba. In kuma ta nan kafar man ke fitowa, galibi an cika shi ya wuce ma'auni ne ya yi kumfa, ko giyar tana zafi fiye da ƙima. Ka goge wurin tas, ka ɗan zaga, ka haska tocila ka ga daga sama yake gangarowa ko daga ƙasa. Awon man giya ka bi littafin motar, don wasu da inji a kunne ake aunawa wasu a kashe, wasu sababbin ma ba su da sandar awo sam.

In ka ratsa ruwan ambaliya mai zurfi, ta wannan kafar ruwa ke shiga. Man da ya koma kamar madara mai ja-ja ruwa ne a ciki, kar ka ƙara tuƙawa, kira motar ja. A gareji kuma ka ce su rubuta maka kuɗin aiki a takarda kafin su taɓa komai, su kuma ajiye maka tsohon kayan da suka cire ka gani da idonka.